Paul Bert: Likitan da ya gano musabbabin ciwon tsauni, amma wasiƙarsa ta gargaɗi ta makara

Ma'aikatan da aiki kan kai su Addis Ababa, mazaunin Tarayyar Afirka, sukan dawo da labari kusan iri ɗaya: matakala kaɗan mutum zai hau sai ya ji yana haki, barcin daren farko ba ya nisa, wani ma ya wayi gari da ciwon kai. Akan ɗora laifin a kan gajiyar tafiya ko sauyin abinci. Alhali kuwa birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 2,350 daga doron teku, shi kuwa wanda ya taso daga Abuja ko Gombe ko Kano jikinsa ya saba da ƙasar da tsayinta bai kai sulusin wannan ba. Abin da yake ji somin-taɓi ne na ciwon tsauni, wanda idan aka ƙara nisa sama yakan kai mutum lahira.

Wanda ya fara tabbatar wa duniya musabbabin wannan ciwo ta hanyar gwaji shi ne Paul Bert, likita kuma ɗan siyasar Faransa, wanda ya mutu a 1886. Ya yi malanta a jami'a, ya yi ɗan majalisa, ya yi minista, ya mutu yana wakiltar ƙasarsa a mulkin mallaka. Amma abin da ya fi tsaya wa masu tarihi a rai shi ne wata wasiƙa da ya rubuta a 1875, wadda ta isa hannun masu ita bayan an riga an gama shiri.

Haihuwa da karatu

An haifi Paul Bert a watan Oktoba na 1833 a Auxerre, wani gari da ke bakin kogin Yonne, kudu maso gabas da birnin Paris. Mahaifinsa lauya ne, shi ma kuma da karatun shari'a ya fara, har ya kammala a 1857. Sai dai zuciyarsa ba ta wajen kotu. Sha'awar sanin yadda jikin halitta ke aiki ta rinjaye shi, ya koma karatun likita. Ya sami digirin likita a 1863, ya ƙara da na kimiyya a 1866.

Sa'ar da ya taka ita ce zama mataimakin Claude Bernard, wanda a zamanin ba a da kamarsa a Faransa wajen binciken aikin gaɓoɓin jiki. A wurinsa Bert ya koyi cewa ba a yarda da magana don girman wanda ya faɗe ta, sai an gwada an gani. Bincikensa na farko a kan dashen fata da sassan jiki ne, inda har ya haɗa ɓeraye biyu da ɗinki, jinin ɗaya ya riƙa gudana a jikin ɗayan. Wannan aiki ya samo masa lambar yabo ta Cibiyar Kimiyya ta Faransa a 1865. Ya koyar a Bordeaux na ɗan lokaci, sannan a 1869 ya gaji kujerar malaminsa a jami'ar Sorbonne da ke Paris, yana ɗan shekara 36.

Tambayar da ta daɗe ba amsa

Tun zamanin da mutane sun san cewa manyan tsaunuka na sa rashin lafiya. Tsofaffin littattafan ƙasar Sin sun ambaci wasu duwatsu a kan hanyar fatake zuwa yamma da aka laƙaba wa sunan ciwon kai. A 1590 wani limamin Kirista ɗan ƙasar Sifen, José de Acosta, ya bayyana irin aman da ya sha lokacin da yake ƙetare tsaunukan Andes a Peru. Abin da aka rasa shi ne dalili. Wasu sun ce tururin guba ne ke fitowa daga ma'adinan da ke cikin duwatsun. Wasu sun ce sanyi ne da gajiya. Wasu kuma sun ce raguwar nauyin iska ce ke sa jijiyoyi su saki, gaɓoɓi su yi sako-sako.

Wani likitan Faransa mai suna Denis Jourdanet, wanda ya shafe shekaru yana aiki a tuddan Meziko, ya dawo gida da zaton cewa jinin mazauna tudu ba ya samun isasshiyar iskar oksijin. Zato ne kawai, ba shi da hujjar gwaji, amma yana da dukiya. Shi ya ɗauki nauyin ƙera wa Bert manyan tankunan ƙarfe a ɗakin bincikensa, waɗanda mutum zai iya shiga ya zauna, a rufe ƙofa, a riƙa zuƙe iskar ciki da famfo. Da haka Bert ya kawo ƙololuwar tsauni cikin birnin Paris, babu sanyi, babu gajiyar hawa, babu ma'adinai. Idan ciwon ya bayyana a nan, to duk waɗancan dalilai sun faɗi.

Ya yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da tsuntsaye da ɓeraye da karnuka. Zai sa gwara a cikin tulun gilashi ya rage matsin iskar har tsuntsuwar ta kife. Sai ya shigar mata da oksijin ba tare da ya mayar da matsin yadda yake ba, sai ta miƙe garau. Ya riƙa sauya matsin, yana sauya yawan oksijin, amsar tana fitowa iri ɗaya: abin da ke kayar da dabba shi ne ƙarancin oksijin da ke isa jininta.

Bayanin kuwa mai sauƙi ne. Oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iskar da ake shaƙa, a bakin teku ko a kan tsauni, kason ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne matsi. Iskar ƙasa kamar buhun auduga ce da aka danna, ta sama kuma kamar wanda aka cika ba a danna ba: girman buhun ɗaya, amma abin da ke ciki ba ɗaya ba. A tsayin kimanin mita 5,500 matsin iska rabin na bakin teku ne, a kan dutsen Everest mai mita 8,849 kuwa kusan sulusi. Huhu na cika kamar kullum, amma abin da ke ratsawa zuwa jini ya ragu.

Ya gwada a kan kansa

A 1874 Bert ya shiga tankin da kansa. Da matsin ya ragu sai zuciyarsa ta ƙara sauri, tashin zuciya ya taso masa, ganinsa ya dusashe, ya nemi yin fito ya kasa. Da zarar ya shaƙi oksijin daga jakar da ke gefensa sai alamun su kau, da ya daina sai su dawo. A wani gwajin ya bari aka rage matsin har ya yi daidai da na ƙololuwar Everest, yana shaƙar oksijin, ya fito lafiya, shekara 79 kafin ɗan Adam ya taka wannan ƙololuwa a 1953.

Amma akwai abu ɗaya da ya lura da shi wanda ya fi sauran muhimmanci. Ya ƙirga bugun zuciyarsa na daƙiƙa 20, ya zo ninkawa sau uku don ya sami na minti guda, sai lissafin ya yi masa nauyi. Farfesa a Sorbonne ya kasa lissafin ɗan firamare, kuma bai ji wani zafi da zai faɗakar da shi ba. Ƙarancin oksijin da ƙwaƙwalwa yake farawa, ya taɓa hankalin da mutum zai gane halin da yake ciki da shi.

Tafiyar Zénith

A wancan zamani babu jirgin sama. Da ƙaton balan-balan mai kwando a ƙasa ake tashi, ana zubar da buhunan yashi idan ana son ƙara sama. Mutum biyu daga cikin masu wannan sana'a, Joseph Crocé-Spinelli, injiniya, da Théodore Sivel, tsohon matuƙin jirgin ruwa, sun zo wurin Bert a watan Maris na 1874, suka shiga tankinsa, suka ga amfanin oksijin da idonsu. A cikin watan suka tashi da jakunkunan oksijin, suka haura mita 7,000, suka sauko lafiya.

Bayan shekara guda suka shirya wata tafiyar da balan-balan mai suna Zénith, tare da mutum na uku, Gaston Tissandier, masanin haɗa sinadarai kuma editan wata mujallar kimiyya. Bert ba ya Paris a lokacin. Crocé-Spinelli ya rubuta masa yana sanar da shi shirin, ya ambaci cewa za su ɗauki oksijin kimanin lita 150. Bert ya yi lissafi: mutum uku a irin wannan tsayi za su buƙaci aƙalla lita 20 a kowane minti, ke nan guzurin nasu ba zai kai minti takwas ba. Ya mayar da amsa yana gargaɗinsu. Wasiƙar ta iso an riga an tsayar da rana. Maimakon su ɗage tafiyar ko su ƙara guzuri, abin da suka ɗauka daga gargaɗin shi ne su yi tattalin abin da ke hannunsu, kada su taɓa shi sai buƙata ta kai maƙura.

Ranar 15 ga Afrilu, 1875, gab da tsakar rana, suka tashi daga unguwar La Villette a Paris. Da suka haura mita 7,000 sanyi da kasala suka rufe su, amma Sivel ya yanke igiyar wasu buhunan yashi, suka ƙara sama. Daga baya Tissandier ya bayyana cewa a wannan matsayi mutum ba ya jin wahala. Wani irin daɗi ne ke lulluɓe shi, ya daina damuwa da haɗari, ya riƙa murnar yana hawa. Da ya ga ma'auni ya nuna mita 8,000 ya so ya sanar da abokansa, harshensa ya ƙi motsi. Ya so ya kama bututun oksijin da ke rataye a kusa da shi, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Daga nan ya suma.

Balan-balan ɗin ya fara saukowa da kansa, suka ɗan farfaɗo. A cikin wannan ruɗewa Crocé-Spinelli ya sake zubar da yashi da wasu kaya masu nauyi, suka koma sama karo na biyu. Da Tissandier ya sake buɗe ido, ya tarar da abokansa biyu sun mutu a cikin kwandon, fuskokinsu sun yi baƙi, bakinsu da jini. Ya sauka da la'asar a ƙauyen Ciron, kimanin kilomita 250 daga Paris. Ma'aunan da aka rufe a cikin kwandon sun nuna sun kai kusan mita 8,600. Shi kansa Tissandier jinsa ya taɓu har ƙarshen rayuwarsa.

Mutanen nan uku ba jahilai ba ne. Sun san maganin, suna tare da shi, tazarar da ke tsakaninsu da shi ba ta wuce miƙa hannu ba. Kuskurensu shi ne sun bar wa kansu hukuncin lokacin da za su sha, ba su san cewa ciwon zai riga su zuwa wurin hankalin da zai yanke hukuncin ba. An binne mamatan biyu a maƙabartar Père-Lachaise da ke Paris.

A 1878 ya fitar da babban littafinsa a kan matsin iska, La Pression barométrique, mai shafi fiye da 1,100, ya sadaukar da shi ga Jourdanet. A ciki ya tattara labaran matafiya na ƙarnuka, da gwaje-gwajensa, da labarin Zénith. Ya kuma nuna cewa oksijin idan ya yi yawa a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi yakan zama guba ya sa jijjiga, abin da likitoci ke kira da sunansa har yau, kuma cewa ciwon da ke kama masu nutso a teku idan suka taso da gaggawa kumfar iskar naitirojin ce ke tasowa a jininsu. Ba kowa ya yarda da shi nan take ba. Masanin Italiya Angelo Mosso ya daɗe yana ganin wata iskar daban ce ke ƙaranci. Lokaci ya ba Bert gaskiya. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka fassara littafin zuwa Ingilishi a Amurka saboda buƙatar likitocin matuƙa jiragen yaƙi.

Siyasa da mulki

Wani ɓangare na wannan bincike Bert ya yi shi ne yana ɗan majalisa. Bayan Jamusawa sun ci Faransa da yaƙi a 1870 ya shiga harkar mulki a ɓangaren Léon Gambetta, ya riƙe lardin Nord na ɗan lokaci a 1871, aka zaɓe shi wakilin Yonne a 1872. Ilimi ya sa a gaba. Dokar 1879 da ta wajabta wa kowane lardi ya kafa makarantar horon malamai maza da ta mata da sunansa ake kiranta. Tare da Jules Ferry ya yi fafutikar makarantar firamare kyauta kuma tilas, wadda ba ta ƙarƙashin coci, ya yi ƙaurin suna wajen adawa da malaman Katolika. Ya zama ministan ilimi a watan Nuwamba na 1881, amma gwamnatin Gambetta ta faɗi a Janairun 1882, kujerar ba ta yi masa wata uku ba.

Akwai kuma tabon da tarihi bai yafe masa ba. A littattafan kimiyya da ya rubuta wa 'yan firamare, waɗanda aka yi ta bugawa shekara da shekaru, ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya ɗora farar fata a sama, ya ƙasƙantar da baƙar fata. Mutumin da ya ƙi yarda da camfi a kan tsaunuka sai da gwaji, ya karɓi camfin zamaninsa a kan 'yan Adam ba tare da ya nemi hujja ba, ya kuma koyar da shi ga yara.

Imaninsa da mulkin mallaka ne ya kai shi ga ajalinsa. A farkon 1886 aka naɗa shi babban wakilin Faransa a Annam da Tonkin, cikin ƙasar Biyetnam ta yau. Watanni kaɗan da isarsa ciwon atini ya kama shi, ya mutu a Hanoi ranar 11 ga Nuwamba, 1886, yana da shekara 53. An kai gawarsa Auxerre, inda mutum-mutuminsa ke tsaye a kan gadar da ke ɗauke da sunansa. Wanda aka kafa masa a Hanoi kuwa mutanen birnin sun tumɓuke shi a 1945.

Abin da aka gina a kan aikinsa

Bert ya gano musabbabi. Likitocin da suka biyo baya suka rarrabe fuskokin ciwon. A 1891 wani matashin likita, Étienne Jacottet, ya kamu a wata bukka mai tsayin mita 4,350 a kan dutsen Mont Blanc, ya ƙi sauka, ya mutu. Da aka duba gawarsa aka tarar huhunsa cike da ruwa. A 1913 Thomas Ravenhill, likitan wata mahaƙar ma'adinai a arewacin Chile, ya bayyana nau'i uku na ciwon, kusan yadda ake koyar da su a yau.

Na farko shi ne na gama-gari, wanda yakan fara daga tsayin mita 2,500, ko ƙasa da haka kaɗan ga wasu. Yakan bayyana awa shida zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tare da tashin zuciya ko amai, rashin son abinci, jiri da kasala. Ga ɗan Najeriya waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa yake da sauƙi ya haɗiyi maganin zazzaɓi ya ci gaba da hawa. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, duk wanda ya yi rashin lafiya bayan ya hau tudu a ɗauka tudun ne har sai an tabbatar da wani abu daban, kuma kada ya ƙara sama sai alamun sun gushe.

Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa ne: mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, ya kasa tafiya a kan miƙaƙƙen layi, maganarsa ta rikice, halinsa ya sauya, barci ya riƙa fizgarsa. Na uku taruwar ruwa ce a huhu, wadda takan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: haki ko da mutum yana zaune, tari, wani lokaci da majina mai kumfa da alamar jini, leɓɓa su yi shuɗi. Waɗannan biyun suna iya kashewa cikin kwana ɗaya. Maganinsu na farko a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne, a ba shi oksijin idan akwai, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Saukar mita 500 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi a fili.

Rigakafin kuwa shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, sannu ba ta hana zuwa. Bayan mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. A guji aikin ƙarfi da barasa da ƙwayar barci a kwanakin farko. Akwai maganin acetazolamide da likita kan rubuta kafin tafiya. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa karewa. Sau da yawa ma mai ƙarfi ne ke saurin hawa ya kamu.

Najeriya ba ta da irin waɗannan tsaunuka. Jos ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba, mafi tsayin dutse a ƙasar kuma, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Amma jirgi kan ɗauki tawaga daga Abuja ya sauke ta a Bogota mai mita 2,600, ko Quito mai 2,850, ko La Paz da filin jirginta ya haura mita 4,000, ba tare da jiki ya sami lokacin sabawa ba. Masu zuwa hawan Kilimanjaro, mai mita 5,895, su ma suna ƙaruwa. Ga kuma wani haɗari da ya shafi 'yan Najeriya musamman: mai cutar sikila ƙarancin oksijin na iya tayar masa da ciwo, kuma ko mai rukunin jini AS, wanda ba ya jin komai a gida, saifarsa na iya samun matsala a kan tudu, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ta sama. Irin waɗannan, da masu ciwon zuciya ko huhu, da masu juna biyu, ganin likita kafin tafiya wajibi ne a kansu.

Darasin Zénith ya fi shafar wanda ke tsara tafiya da wanda ke rakiya. Maigidan da ciwon ya kama shi ne na ƙarshe da zai yarda ba shi da lafiya. Zai ce gajiya ce, zai nace a ci gaba da jadawali, kuma ba taurin kai ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta samun abin da take buƙata. Saboda haka tun a gida ake duba tsayin garin da za a sauka, a bar kwanan farko babu nauyi, a yarda a kan alamun da in an gan su za a dakata ko a sauko, a kuma san wanda ke da ikon faɗar haka ko da shi ne ƙarami a tawagar. A kan wannan fahimta ce ma'aikatan jirgin sama ke umartar fasinja ya fara sa wa kansa abin shaƙar oksijin da zarar ya faɗo, kafin ya taimaki na kusa da shi, domin a can sama daƙiƙoƙin da hankali ke aiki ba su da yawa. Lissafin Paul Bert na lita 150 daidai yake. Da ya iso kafin a tsayar da ranar tashi, da wataƙila Sivel da Crocé-Spinelli sun sauka a Ciron da ransu.